Wuyan Rigar Malam Ina Kwana

Jama'a, ku gyara zama. Mai shan shayi ya ajiye kofi tukuna, don ban ɗauki alhakin wanda ya ƙware ba. Ni kaina da nake buga muku wannan bakina ya ƙi rufuwa, har Yayana ya leƙo ɗaki ya tambaya ko haƙora nake shanyawa.

Sababbin zuwa, ku matso in yi muku bayani a gurguje. Ni ce autar gidanmu. A gida Auta ake ce min, a wurin saƙa kuwa sunana Rediyo, wai tun da aka kunna ni ba a ga makashina ba. Ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani asibitin ido. A saman bene akwai wani bawan Allah mai gyara mana kwamfutoci, dogo, mai tabarau, kullum da hula a kansa. Tun da ya fara aiki yake wucewa ta gaban teburina, kuma kalma biyu ce jarinsa a duniya: "Ina kwana." Ko da azahar ce. Ranar nan da yamma lis ya ce min ina kwana, ya ji abin da ya faɗa, ya juya da sauri ya yi karo da tukunyar fulawa, ya tsaya ya ba tukunyar haƙuri. Da na ba ƙawayena labari suka raɗa masa Malam Ina Kwana.

To ni dai ina son sa. Na faɗa, ba kunyarku nake ji ba.

Kuma kar wani ya ce ni kaɗai nake kiɗana nake rawata. Wa ya ɗaure ƙafar kujerata mai girgiɗi ba tare da na roƙa ba? Wa yake ajiye min caja a kan tebur duk ranar da na manto tawa? Ga kuma saƙonninsa a waya, ku karanta ku yi mana alƙalanci:

"Firintarki tana aiki?"

"Tana yi, na gode."

"Madalla."

Sai in ga alamar yana rubutu. Yana rubutu. Yana rubutu. In ajiye waya, in sha ruwa, in sallami mai neman kati, in dawo, yana rubutu. Can sai saƙo ya faɗo: "Idan ta tsaya ki faɗa min." Wayyo ni Auta! Firinta dai, firinta dai, sai ka ce ita zai aura.

A ɗaya gefen kuma akwai Mai Hon, ɗan aminiyar Ummana. Ba mugu ba ne, Allah ya gani. Yana da fara'a, yana da kyauta, yana girmama Abbana. Amma ba ya sallama sai da hon, kuma idan ya zo hira shi ne mai magana, shi ne mai dariya, ni ce 'yar kallo. Ranar da ya same ni da saƙa a cinya ya ɗaga ta da yatsa biyu ya ce, "Gimbiya, wannan ai aikin tsofaffi ne. Idan mun yi aure kin huta da zuwa wajen matan nan, na kanti zan saya miki." Na yi murmushi don tarbiyya, amma a raina na ce, kai da ka raba ni da matan nan gara ka raba ni da wayata.

Abin da ya jefa ni cikin rigima kuwa bakina ne. Wata safiya Umma ta shigo ɗakina, ta ture kwandon zare daga bakin gado, ta zauna a kan kwarashina ta miƙe zumbur, ta sake zama.

"Auta, Abbanki ya gaji da ba mutane haƙuri. Yaron nan ya ce manyansa za su zo Asabar ɗin ƙarshen wata su ji matsaya."

"Umma, ni fa…"

"Ke fa me? Kina da wani ne?"

"Akwai dai wani."

"Ya yi magana?"

"Yana gaishe ni."

Umma ta kalle ni daga sama har ƙasa. "Mai gadi ma yana gaishe ki."

Maganar ta soke ni, ni kuma idan aka soke ni bakina ba ya shawara da kaina. Na ce, "To Umma, idan har suka zo babu wanda ya fito, na amince. Na yi miki alkawari."

"Allah ya yi miki albarka," in ji ta, ta fice da sauri kafin in janye. Da yamma Abba ya kira ni falo ya ce shi ba ya yi wa 'ya'yansa dole, amma ba ya son magana biyu. Na ce na ji. Na koma ɗaki na cusa kai cikin kwandon zare na yi ihu a hankali.

Ina zan kai kukana in ba wurin saƙa ba? A bayan shagon zare na Anti Kwarashi akwai wani ɗaki mai taga ɗaya, da benci biyu, da kujerun roba da babu biyu masu launi ɗaya, da kwalaye cike da ulu har rufi. Akwai butar shayi ta lantarki wadda ba ta tafasa sai an danne murfinta da almakashi. Nan muke haɗuwa duk Asabar, masu kwarashi a gefen taga, masu saƙa da kibiya biyu a kan benci. Lokacin da na gama makaranta na zauna a gida babu aiki har na fara hira da labule, ɗakin nan ne ya riƙe ni. Lokacin da mijin Nas, babbar ƙawata ma'aikaciyar jinya, ya kwanta a asibiti, a barandar asibitin muka yi zamanmu na Asabar, muna saƙa tana kuka tana dariya. Mun yi wa jarirai bakwaini huluna har mun daina lissafi. Doka ɗaya ce a ɗakin, Anti ta kafa ta: abin da aka faɗa a kan saƙa, a kan saƙa yake tsayawa.

Na zazzage musu komai. Anti Kwarashi ta sauke tabaraunta kan hanci.

"Namiji mai kunya ba a tsare shi da baki, Rediyo, gudu zai yi. A ba shi abin da zai sa a jiki. Gidan tabarau ɗin da kika saƙa masa kwanaki fa?"

"Kullum yana aljihunsa."

"To ƙara masa girma. Ba kin ce ɗakin da yake aiki sanyin na'ura kamar firij ba? Rigar sanyi za ki yi masa. Duk wanda aka ba rigar hannu bai gane ba, to ba kunya ke damun sa ba, sai a kai shi wajen Nas."

Aka zaɓi ulu ruwan toka mai laushi. Sai matsalar awo ta taso, don ba a zuwa wajen mutum da tef a ce ɗaga hannu. Nas ta ɗauki kwamfutarta lafiyayya garau ta kai masa gyara, yana duƙe yana neman cutar da babu, ita tana bayansa tana auna faɗin kafaɗarsa da tafin hannu a iska. Ni kuma na faki idonsa ya tafi salla, na haura bene da tef a cikin mayafi, na auna kwat ɗinsa da ke rataye a kujera. Yayana da suke kusan tsawo ɗaya ya zama gunkin gwaji, kullum yana mita wai ulu na sa shi ƙaiƙayi. Kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu, tsawon jiki, duk muka haɗa. Muka ce mun gama da awo.

A wannan tsakanin ne wata dattijuwa ta fara zuwa. Fes da ita, farin mayafi mai guga, 'yar jaka baƙa, takalmi mara tsini. Idan ta kama kibiya ba ta ko kallon hannunta, sai dai ka ji ƙas-ƙas-ƙas, layi ya ƙare. Maganarta biyu, "Sannunku" idan ta shigo, "Sai wani satin" idan za ta fita. Muka sa mata Goggo Shiru. Kuma kullum kusa da ni take zama.

To kun san Rediyo ta samu kunne. Babu abin da ban faɗa wa matar nan ba. Na nuna mata saƙonnin firinta. Na kwaikwayi tafiyarsa. Na faɗa mata alkawarin da na yi wa Umma da ranar da baƙi za su zo. Ban tsaya nan ba, jama'a, ina ma na tsaya.

"Goggo, mai sharar ofishinmu ta ce uwarsa tsohuwar shugabar makaranta ce. Wai ko dariya za ta yi sai ta duba jadawali."

"Allah sarki," in ji Goggo.

"Ni na san ita ta firgita shi tun yana yaro, shi ya sa magana ta maƙale masa."

"Ikon Allah."

"Amma bari in shiga gidan. Sai na koya mata dariya ko da cakulkuli ne."

"Allah ya ba da sa'a," ta ce, kibiyarta ko gezau.

Asabar ɗin ƙarshen wata ta zo kamar an turo ta. Tun da safe Umma ta canza labulen falo, ta fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa shan komai da su ba, ta sa Yaya ya goge fanka. Wayata ta yi ƙara, Mai Hon ne: "Gimbiya, yau ce ranar. Ki sa ja, ya fi dacewa da motata." Na buɗe durowa na zaro doguwar rigata shuɗiya mai ƙananan maɓallai a hannu, na yafa mayafi ruwan madara, na zizara kwalli, na sa 'yan kunnen da Nas ta ba ni. Na cusa saƙata a jaka.

"Ina zuwa kuma yau?" in ji Umma, tana riƙe da tsintsiya.

"Saƙa, Umma. Yanzu zan dawo."

"Auta, kar ki kunyata ni."

"Haba Umma, ni ɗin?"

Shirina shi ne in ƙarasa rigar, in tura masa saƙo cewa firinta ta tsaya, ya zo ofis, in miƙa masa, sauran kuma ya rage tsakaninsa da Allah. Matsalar ita ce rigar ba ta ƙare ba. Jiki ya kammala, hannun dama ya kammala, na hagu yana rabi a kan kibiya, wuya kuma ban rufe ba. Ɗakin ya zama kamar ana shirin karɓar haihuwa. Nas na warware min zare daga dunƙule, wata na yi min fifita da kwali, wata ta tsaya a kaina tana addu'a.

"Fara rufe wuyan a gabana," in ji Anti. "Hannu ko a mota kya ƙarasa."

Na fara rufewa. Ban yi nisa ba na ji ƙas-ƙas ɗin Goggo Shiru ya tsaya. Ta yi gyaran murya.

"Goggo, a kawo ruwa?"

"A'a."

Na ci gaba. Ta gyara zama. Ta kalli rufi. Ta kalli wuyan rigar, ta kawar da kai kamar mai ganin ana yanka da wuƙa mara kaifi. Na zo ƙarshe, na ja zaren na ƙulle, na ɗaga rigar sama ina murna.

"Ba zai shiga ba."

Ɗakin ya yi tsit. Ko butar shayi ta yi shiru. Muka juya gaba ɗaya, don ba mu taɓa jin Goggo ta tsoma baki a aikin wani ba.

"Goggo, daidai kan Yayana aka ƙirga shi fa."

"Yayanki daban. Kin auna kafaɗa, kin auna hannu, wa ya auna kai? Ga shi kin matse hannu wajen rufewa. Tun yana zanin goyo nake warware wuyan riga saboda kan nan. Hular makaranta ma sai da na kai tela ya ƙara mata ƙyalle a baya. Kan ubansa ne sak, Allah ya jiƙansa, shi ma…"

Ta tsaya. Ta sa hannu ta rufe bakinta.

Jama'a. Jama'a! Kun taɓa jin ƙasa ta ƙi tsagewa lokacin da kuke roƙonta? Nas ce ta fara ganewa, ta sulale daga benci ta zauna a ƙasa tana dukan cinya, dariya ta hana ta numfashi. Anti ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ni kuwa duk maganganuna suka dawo suna wucewa ta gabana ɗaya bayan ɗaya, jadawali, firgita, cakulkuli. Na ja mayafi na rufe fuska, na durƙusa a gabanta.

"Goggo… Mama… don girman Allah…"

"Tashi, tashi. Ni ce dai mai jadawalin."

Sai ta yi dariya. Wallahi dariya har da hawaye, har da riƙe ciki, irin wadda ta daɗe a ajiye. Da ta lafa ta share ido da bakin mayafi ta ba mu labari. Wai tana zazzage aljihunsa za ta yi wanki ta ga gidan tabarau. Ta juya shi ciki da waje tana neman inda aka ɓoye bakin zare, ba ta samu ba. Ta ce a ranta, mai wannan hannun ba ta aikin ganin ido. Ta tsare shi da tambaya, ya yi gumi ya jiƙe, da ƙyar ya ce wata ce a wurin aiki, tana zuwa saƙa bayan shagon zare.

"Na zo in ga hannu, sai na tarar da baki," ta ce. "Asabar ɗaya na yi niyya. Amma tun da na bar aiki, maigidan ya rasu, gidan ya zama daga ni sai agogon bango, ɗan nawa kuma kin san shi. Nan ne kaɗai nake zuwa in ji hayaniya in koma da ita gida."

Wannan ta taɓa mu duka. Anti ta miƙa hannu ta dafa gwiwarta. Ni kuma hawaye suka ɓata min kwalli, don na ji tausayinta, na kuma ji ina son ta.

"To Mama, kin san yau baƙi za su zo gidanmu, me ya sa ba ki faɗa masa ba?"

"A kan saƙa kika faɗa min. Ni malama ce, ba na karya doka. Na daure da komai, amma wuyan nan na kasa."

Da a nan aka tsaya da an yi lafiya. Amma an taɓa martabar Anti Kwarashi.

"Yaya, ki yi haƙuri, ni na ƙirga wuyan nan da kaina. Ulu ne, yana miƙewa. Zai shiga."

"Ba zai shiga ba."

"Na yi wa maza riguna iri-iri a shagon nan."

"Ba ki yi wa wannan ba."

"To a kawo kan a gani!"

"Ai yana waje," in ji Goggo, tana laluben wayarta. "Shi yake kawo ni. Bayan kantin magani yake fakewa da mota, ya kwantar da kujera don kar Rediyo ta hango shi."

Kafin in samu hanyar tserewa ta taga, sai ga sallama a bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa. Ya shigo yana sunkuyar da kai saboda tsawo, farar riga, baƙin wando, hula. Ya ga mata cike da ɗaki duk sun zuba masa ido. Ya gan ni. Ya kama ƙofa.

"Ina kwananku."

Rana ta riga ta karkata, amma matan nan don mugunta suka haɗa baki, "Lafiya lau!"

"Cire hula," in ji uwarsa. "Ba Rediyo tabaraun ta riƙe maka. Gwaji za a yi."

Ya cire. Karo na farko ke nan da na ga kan a fili. Nas ta ce, "Masha Allah, kai na ilimi." Anti kuwa ta saci kallon wuyan rigar.

Aka zura masa rigar. Hannun dama ya shige sumul, na hagu ya fito ta rabin hannu, kibiyoyi na reto. Jiki ya sauka daidai kafaɗa, har na fara jin alfahari. Sai wuya ya zo goshi ya ce nan gani nan bari. Anti ta ja ta gaba, ta ja ta baya. Aka ce to a cire, sai ya ƙi komawa sama, ya kama kunnuwa. Ga mutum tsaye tsakar ɗaki, dogo, hannuwa a buɗe, babu fuska, sai tsakiyar kai ta leƙo ta sama kamar ƙwai a cikin kofi.

"Na sallama, Yaya," in ji Anti. "Kin fi ni sanin kayanki."

"Tsaya cak, kar ka motsa, in nemo bakin zaren in warware," in ji Goggo.

Ana cikin haka sai murya ta fito daga cikin ulu, a daƙushe.

"Tana nan?"

"Wa?"

"Ita."

"Tana gabanka riƙe da tabaraunka."

Na ga ƙirjin rigar ya ɗaga ya sauka.

"To tun da ba na ganin ta, bari in faɗa. Mama, kar ki warware tukuna." Ya juya yana fuskantar kwalin zare, Nas ta kama gefen rigar ta juyo shi saitina. "Ni ban damu da firintarki ba. Wani lokacin ma ni nake zare mata waya da safe don ki kira ni. Kullum sai na rubuta miki magana in goge. Idan na zo gaban teburinki na ga idonki, komai sai ya gudu ya bar ni da gaisuwa. Ina son ki. Aure nake nufi, ba wasa ba. Shi ke nan. A warware."

Ɗakin ya kece. Wata ta jefa dunƙulen zare sama, wata ta rungume Anti, Nas ta hau benci tana tafi da murafen kwali. Goggo ta tsaya da hannu a ƙirji tana kallon ɗanta kamar yau ya fara tafiya. Ni fa? Ni Rediyo, da ba a taɓa ganin makashina ba, na buɗe baki babu abin da ya fito sai wani ɗan sauti kamar na ɗan tsako. Daɗi ya kusa kashe ni, wallahi.

"Ta tafi ne?" in ji rigar.

"Ina nan," na ce. "Ni ma. Duk abin da ka ce, ni ma."

Wayata ta ɗauki ruri a cikin jaka. Umma.

"Auta, kina ina? Sun kira, sun taso! Abbanki har ya fita ƙofa tarbarsu!"

Ta kashe. Dariya ta ɗauke. Nas ta matsa kusa da inda take zaton kunnensa yake, ta yi masa bayani cikin jimla uku irin na masu aikin gaggawa: akwai wani, manyansa na hanya, ta yi alkawari idan suka riga ka ta amince.

"Yau?" in ji rigar.

"Yanzu."

"Mama, warwarewa zai ɗauki lokaci?"

"Idan za a yi shi da kyau, zai ɗauka."

"To ku ja ta ƙasa."

Mata huɗu suka kama gindin rigar. Anti ta ce bisimilla. Suka ja, ya yi ƙara, zare ya ce ɗas a wani wuri, kai ya fito fit, kunnuwa jajir, ido na hawaye. Na miƙa masa tabarau. Ya sa, ya kalle ni, bai kawar da kai ba. Cire rigar kuma ya zama sai wani jiƙon, don abin da ya shiga da mata huɗu ba zai fita da mutum ɗaya ba.

Nas ta ƙwace makullin motarsa, wai mai kibiya a hannu ba ya tuƙi. Na zauna gaba, shi da uwarsa a baya. Kun san me matar nan ta yi? Ta kama kibiyoyin da ke reto a hannunsa na hagu ta ci gaba da saƙa hannun a jikinsa, wai ɗanta ba zai je gaban manya da hannu ɗaya da rabi ba. Ni nake riƙe da dunƙulen ina sakar mata zare ta tsakanin kujeru. Nas na tuƙi kamar ta ɗauko mai naƙuda. Anti da sauran suna bakin shago suna ɗaga mana kwarashi, saƙonninsu na shigowa wayata kamar ruwan sama: "Kun kai?" "A karanta addu'a!" "Rediyo, ki bar shi ya yi magana!"

Muka shawo kwanar layinmu. Abba na tsaye a ƙofar gida cikin fararen kayansa na tarbar baƙi, hannuwa a baya. Muka firfito. Ya kalle ni, ya kalli Nas, ya kalli dattijuwa mai farin mayafi, sannan ya tsayar da ido a kan dogon mutumin da ke sanye da rigar sanyi cikin wannan zafi, gumi na ɗiga daga haɓarsa, kibiya biyu na lilo a gwiwar hannunsa.

"Auta, wane ne wannan?"

Daga can farkon layi muka ji hon. Sau uku, dogaye. Jar mota ta shawo kwana a hankali saboda ramuka, wata na biye da ita.

Na buɗe baki, Goggo ta matse min hannu. Ɗanta ya taka gaba, babu ulu a fuskarsa, babu abin ɓuya. Ya durƙusa har ƙasa.

"Abba, ni ne wanda ya yi jinkiri. Ina roƙon ka saurare ni kafin motar can ta tsaya."

Abba ya daɗe yana kallon sa. Ya ɗaga kai ya kalli motocin da ke tahowa, sannan ya juyo gare ni.

"Alkawarinki da Ummanki, idan suka zo babu wanda ya fito, haka ne?"

"Haka ne, Abba."

"To ba su zo ba tukuna." Ya tura ƙaramar ƙofa da hannu ɗaya. "Shigo, yaro. Bismillah, Malama."

Suka shige, ƙofa ta rufe. Aka bar ni a waje riƙe da dunƙulen ulu, zaren na bin su ta ƙarƙashin ƙofa yana warwaruwa a tafina, daidai lokacin da jar motar ta ja birki a bayana, na ji gilashi yana sauka.